Shin Ko Kun San? Mdou Moctar, Situdiyon Sakkwato, da Darasi ga Matasan Bagega

A Bagega da Anka, har zuwa Gummi da Bukkuyum, da wuya ka leƙa rumfar mai cajin waya ba ka tarar da saurayi yana jiran a zuba masa waƙoƙi a memori ba. A cikin samarin nan akwai waɗanda saurare bai ishe su ba, so suke wata rana su ma a ji muryarsu. Shafinmu na yau nasu ne. Labari ne na mawaƙin da ya fara ba ubangida, ba kamfani, ba ko gitar kirki, kuma a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko.

1. Shin ko kun san Mdou Moctar, wanda yau ake cika manyan filaye a Amurka da Turai don kallonsa, maƙwabcinmu ne? Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. Buzu ne daga jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, yankin Abalak da Cintabaradan, ya kuma yi ƙuruciya a Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom. Da harshen Tamashek yake waƙa, bai sauya ba har yau.

2. Ko kun san da hannunsa ya ƙera gitarsa ta farko? Gidansu gida ne na addini, kuma manya ba su yarda yaro ya kama kiɗa ba, balle a saya masa. Sai ya nemi katako ya sassaƙa, ya kwance wayoyin birkin keke ya ɗaura su a matsayin tsirkiya. Ga shi kuma bahago ne, komai nasa a juye yake da na sauran makaɗa. A haka ya koya wa kansa, a ɓoye.

3. Ko kun san wanda ya fara sa masa son gita? Abdallah Oumbadougou ne, gwanin gitar Buzayen Nijar, wanda ya rasu a 2020. A lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, kaset-kaset ɗinsa a asirce suke yawo, wannan ya kwafa ya miƙa wa wancan. Mdou yana yaro ya ga wasansa da idonsa, daga ranar zuciyarsa ta tsaya a kan gita. Ko ci-ranin da ya je Libiya daga baya bai raba shi da ita ba.

4. Shin ko kun san a Sakkwato aka ɗauki kundinsa na farko, mai suna Anar, a 2008? Lokacin waƙoƙin finafinan Hausa sun game arewacin Najeriya da Nijar, kuma situdiyon da ke yin su sun iya aiki da sauri, da kuɗi kaɗan. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan situdiyo ya san yadda abin yake. Mai kiɗa na zaune gaban fiyano ƙirar Yamaha da kwamfuta, mawaƙi na tsaye a kansa yana rera karin a hankali. Mai kiɗa ya lalubo bugun da ya dace, ya ɗora ganga, ya ƙara sarewa da tafi, duk daga cikin fiyanon. Sannan mawaƙi ya shiga ɗan ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, don kada ƙarar janareta ta shiga makirfo, ya sa abin ji a kunne, a ɗauki murya baiti bayan baiti. Inda ya kauce a goge a sake. A irin wannan tsari Mdou ya shigar da waƙoƙin Buzaye, aka sami wani sabon abu da ba a saba ji ba a hamada.

5. Ko kun san muryar nan mai karkarwa kamar ta na'ura, da kuke ji a waƙoƙin nanaye, daga harkar neman man fetur ta samo asali? Manhajar da ke yin ta Auto-Tune ce, ta fito a 1997. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi shekaru yana nazarin amon da ake aikawa cikin ƙasa don gano inda mai yake kwance. Da wannan lissafi ya gina manhajar da ke miƙar da muryar da ta karkace. Mawaƙiya Cher ta Amurka ta murɗa ta har ƙarshe a waƙarta ta 1998, duniya ta ɗauka. Situdiyon Kano da Kaduna da Sakkwato suka mayar da ita tasu, Mdou kuma ya zama cikin Buzayen farko da suka yi waƙa da ita.

6. Shin ko kun san ba wani kamfani da ya fitar da Anar kasuwa a lokacin? Waƙoƙin ta memori da Bluetooth suka bazu, daga waya zuwa waya, a tashoshin mota da kasuwanni da majalisun shayi, har suka tsallaka Mali da Aljeriya. Da yawa daga masu sauraro ba su ma san sunan mai waƙar ba. Mutanen Zamfara sun san ƙarfin wannan hanya. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba intanet, amma waƙa ba ta daina yawo ba, domin waya biyu kusa da juna sun isa.

7. Ko kun san ta cikin wayar wani aka gano shi? Wani Ba'amurke daga birnin Fotlan, Christopher Kirkley, ya zauna a Kidal ta arewacin Mali yana kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane. A 2011 ya fitar da kundin Music from Saharan Cellphones a ƙarƙashin ɗan ƙaramin kamfaninsa, Sahel Sounds, kuma waƙar Mdou mai suna Tahoultine tana ciki. Sai da ya sha cigiya kafin ya samo mai ita. Da ya zo Nijar ganinsa, tsarabar da ya riƙo masa ita ce gitar lantarki irin ta bahagwai. A 2014 aka buga Anar a faifai, shekara 6 bayan ɗaukarsa a Sakkwato.

8. Ko kun san kamfanin nan ya fitar da waƙoƙin Hausa ma? A 2013 ya haɗa kundin Harafin So, na waƙoƙin finafinan Kano, da muryoyi irin su Fati Nijar da Abubakar Sani. Kiɗan da wasu ke rainawa a gida, masu tara faifai a Turai da kuɗinsu suka saya.

9. Shin ko kun san ya taɓa yin fim? A 2015 ya fito a matsayin jarumin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Tamashek, bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince da ya fito a 1984. Labarin matashi ne mai gita da babur, wanda mahaifinsa ba ya son sana'arsa. Kafin nan, a 2013, ya fitar da kundin Afelan, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaradan.

10. Ko kun san tushen kiɗansa a gidan biki yake? Turawa na kwatanta shi da Jimi Hendrix, amma sai da ya girma ya san irin waɗannan gwanaye, ya kuma kalli salon Eddie Van Halen a YouTube. Abin da ya tashi a ciki shi ne takamba, kiɗan da ake yi da wani molo mai tsirkiya uku da bugun ƙwarya, da kuma gitar kewa irin ta ƙungiyar Tinariwen. Saurin yatsunsa a wuraren bikin aure ya samu, inda makaɗi ke kwana yana wasa, kuma in taro ya yi sanyi ba a sake kiransa.

11. Shin ko kun san kowane kundi nasa da irin tasa hanyar ɗauka? Ilana, na 2019, a birnin Ditiroyit aka yi shi, makaɗan duka suna wasa lokaci guda a situdiyo kamar suna gaban jama'a. Afrique Victime, na 2021, wanda kamfanin Matador ya fitar, gutsi-gutsi aka tara shi a ɗakunan otal da gidajen abokai da bayan dandamali yayin yawon wasa. Funeral for Justice, na 2024, cikin kwana 5 aka ɗauke shi a wani gida a jihar Niyok. A 2024 su huɗu ne a ƙungiyarsa: Mdou, da Ahmoudou Madassane mai gita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Ba'amurke Mikey Coltun mai gita mai kauri, wanda kuma shi ke haɗa sautin. A duka ukun, haɗin kan makaɗa ya fi tsadar ɗaki muhimmanci.

12. Ko kun san garin ƙuruciyarsa da Bagega ciwonsu iri ɗaya ne? Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an shafe shekaru ana kai shi Faransa yana ba da wutar lantarki, alhali ƙauyukan Nijar da yawa suna kwana cikin duhu, ga tudun sharar ma'adinai a bakin gari. Mdou bai yi shiru ba, ya sa wannan ƙorafi a waƙoƙinsa da hirarrakinsa, yana kiran sunan Faransa ƙarara. A nan kuwa zinariya ce. A 2010 aka gano gubar dalma da ke cikin duwatsun da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Bagega sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa, bayan matasa sun yi gangamin neman a ceto ta a kafafen sada zumunta, sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sami damar yi wa yaranta magani.

13. Shin ko kun san suna Amurka juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da su? An rufe iyakokin Nijar, ba hanyar komawa gida. A wannan zaman jira suka shiga situdiyo a Burukilin, suka sake rera waƙoƙin Funeral for Justice da gitar katako ba lantarki. Shi ne kundin Tears of Injustice da ya fito a 2025.

14. Ko kun san inda burinsa ya dosa? A 2024 ya hau dandamalin Coachella, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka, amma in ya koma Nijar yana ci gaba da wasa a fili ga talakawa. Daga abin da yake samu yana haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ba ruwa. A waƙarsa Imouhar kuma kira yake ga 'yan'uwansa su riƙe harshensu kada ya ɓace a bakin 'ya'yansu.

15. Shin ko kun san Zamfara ba baƙuwa ba ce a fagen nan? Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru mawaƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, da Salihu Jankiɗi na Rawayya, da Kassu Zurmi, da Sani Sabulu na Kanoma, duk 'ya'yan ƙasar nan ne. Na fada a cikinsu suna da ubangida mai ba da doki da riga da hatsi. Mawaƙi mai zaman kansa na yau ba shi da wannan inuwa, shi ke biyan kuɗin situdiyo, shi ke tallar kansa, amma ba mai gindaya masa abin da zai faɗa.

To, saurayi ko budurwar da ke da waƙa a zuci a Bagega, kada ƙarancin kaya ya karya muku gwiwa. Situdiyo na nan a Gusau da Sakkwato, waya kuma na aljihunku. Ku saurari yadda Ɗanƙwairo ke saƙa magana, ku koyi aikin kwamfuta, ku rubuta sunanku a jikin kowace waƙa kafin ku sake ta, don mai nema ya same ku. Sannan ku yi waƙar abin da idonku ya gani: ramin zinariya, ƙurar injin niƙa, manomin da gonarsa ta gagare shi zuwa, uwar da ta tsare ɗanta daga dalma. Duniya ta ji labarin Bagega daga bakin likitoci da 'yan jarida. Lokaci ya yi da za ta ji shi daga bakin 'ya'yanta.