Hattara da masu tallan maganin tsufa

Jama'a, duk wanda ya tallata muku maganin da zai mayar da tsoho yaro, ku riƙe kuɗinku, kuma kada ku bari ya kusanci iyayenku. Har yau babu ƙwaya ko allura ko gari da aka tabbatar yana mayar da tsufan ɗan Adam baya. Wannan kasuwa ta yi ƙarfi ne tsakanin attajiran Amurka, yanzu ga ta a TikTok da WhatsApp, ana kawo kaya har ƙofar gida.

Masu tallar sun iya aron bakin masana, shi ya sa ake faɗawa tarkonsu. Za ka ji suna cewa maganinsu na ƙara tsawon telomiya. Abin akwai shi. A 1961 Leonard Hayflick ya nuna cewa ƙwayar halittar jikin mutum takan rabu kamar sau 50 ne sai ta tsaya. Daga baya aka gano cewa a bakin kowane zaren gadon halitta akwai wani abin kariya, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware, kuma duk rabuwa sai ya ragu. Shi ne telomiya, kuma binciken da aka yi a kansa ya jawo wa Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak kyautar Nobel a 2009. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne, wannan iyaka tana cikin abin da ke tsare mu daga ciwon daji. Sinadarin da ke sake tsawaita telomiya, da shi ƙwayoyin daji ke hayayyafa ba tsayawa a kusan kashi 90 cikin 100 na cututtukan daji. To idan maganin nasa ƙarya ne, ya cuce ka a aljihu. Idan kuwa da gaske yana aiki, ai abin tsoron ya fi yawa.

Haka labarin rafamaisin. A 2009 an ga ya ƙara wa ɓeraye tsawon kwana, sai aka yi ca a kansa. Alhali magani ne da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda don a danne garkuwar jikinsa. Attajirin nan Bryan Johnson, mai kashe kusan dala miliyan 2 a shekara wajen yaƙi da tsufa, ya sha shi na shekaru, da likitoci kewaye da shi, ƙarshe ya daina saboda cututtukan fata da hauhawar sukari da kitsen jini. Ina ga dattijon da ke zaune inda tarin fuka da taifot ke yawo?

A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunnen mutane kan ƙarin ruwan jinin matasa, wanda a lokacin ake sayarwa dala 8,000 lita ɗaya. A jihar Fulorida kuma mata uku tsofaffi sun rasa ganinsu, ɗaya ta makance ɗungum, bayan an yi musu allurar ƙwayoyin tushen halitta a ido.

Amma haɗarin da ya fi kusa da gidajenmu mai araha ne. Tsoho na fama da ciwon gwiwa, sai a haɗo masa ƙwayoyi a leda daga kemis, ko a kawo wani haɗi a jarka mara suna. Kwana uku ya miƙe, yana cin abinci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, kumatu sun ciko. 'Ya'ya na murna Baba ya murmure. Sau da yawa deksametason ne ko firednisolon a ciki. Wannan cikar fuska kumburi ce. A ɓoye sukari na hawa, jini na hawa, ƙashi na ruɓewa, yana na rufe ido, ƙaramin gyambo ya ƙi warkewa. Idan aka haɗa da dikulofenak kullum, ƙodar da dama shekaru sun rage mata ƙarfi ita ke biyan bashin, ga gyambon ciki mai zubar da jini.

Wanda ya riga ya yi makonni yana shan deksametason ko firednisolon, kada a yanke masa rana ɗaya. Jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin kotisol, yankewar gaggawa na iya jawo amai da faɗuwar jini har da rasa rai. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Ku tattara duk leda da kwalbar da ke ɗakin Baba ko Inna ku kai asibiti a duba, a auna jini da sukari da aikin ƙoda. Kada a ajiye maganin hawan jini ko na sukari don wani ya ce nasa ya wadatar. Idan kuka ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko fitsari ya ragu, ko ƙafafu sun kumbura, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe.