Ruwan Damina a Samaru da Lafiyar Kubanni

Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gine-gine ba su daina yaɗuwa a harabarta ta Samaru da ke Zariya ba, kuma duk inda aka zuba kwalta, ko aka shafe da siminti, ko aka rufa kwano, to an toshe wa ƙasa bakin da take shan ruwan sama. Lissafin ba shi da wuya. Zariya kan samu ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kowace milimita kuwa lita guda ce a kan murabba'in mita, saboda haka rufi mai faɗin murabba'in mita 1,000 yakan zubo da lita miliyan guda a damina ɗaya.

Wannan ruwa, wanda a da yakan nutse sannu a hankali ya ciyar da rijiyoyi, yanzu daga indararo sai lambatu, ya kwashi baƙin mai daga matsayar motoci, da leda, da jar ƙasar da ya zaizaye a hanya, ya gangara da su zuwa kwarin kogin Kubanni, inda madatsar da jami'ar kanta ke sha take. Laka tana kwanta a ƙasan madatsa tana rage mata ciki, tacewa tana ƙara tsada, abin da ya tsallake kuma ya isa ga masu lambu a gaɓa, kafin Kubanni ya faɗa cikin kogin Galma. Malaman fiƙihu sun daɗe suna duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa kafin su yi masa hukunci, kuma a ganina ɓata shi ga na ƙasa da kai shiga haƙƙin maƙwabci ne.

Maslaha ita ce a tsare ruwan a inda ya sauka. A kafa tankuna a bakin indararo. A haƙa kwaruruka marasa zurfi gefen hanyoyi, a dasa musu ciyawa, domin ruwa ya tsaya ya tsane cikin kwana ɗaya ko biyu, tun sauro bai samu damar ƙyanƙyasa ba. A jera jema, mai saiwa da zurfi, a bakin kwazazzabai. A shimfiɗa tsakuwa maimakon siminti a matsayar motoci. Yashe lambatu kuwa a watan Afrilu ya kamata a yi shi, kafin ruwan farko ya sauka ya kwashe dattin rani gaba ɗaya.