Koyar da Tarihin Baka ta Hanyar Sauti da Hoto: Misali daga Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa malamin jami'a mai fasahar ɗaukar murya da hoto yana da babban aiki wajen koyar da tarihin baka. An ɗauki misali daga Sabon Birni da Isa.

2.0 Matsalar Madogara

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, labarin yaƙin ya zo mana galibi daga alƙalamin masu jihadi, musamman Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. Su kuwa Gobirawa, abin da suka riƙe yana cikin kirari da waƙoƙin fada da jerin sunayen sarakuna. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasunsu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Saboda haka ake samun sarautar Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni da Isa, kowace fada da yadda take ba da labarin. Tun a 1961 Jan Vansina ya nuna cewa irin waɗannan ruwayoyi madogara ne, muddin an auna su da juna.

3.0 Abin da Rubutu Yake Zubarwa

A ɗauki Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu. Ɗalibin da ya karanta Bakandamiya a takarda ya sami kalmomi kawai. Bai ji kotso ba, bai ji inda jagora yake sakin ɗa 'yan amshi su karɓa ba, bai kuma ji karin harshen Gobirci ba, wanda masu rubutawa sukan mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Alhali sau da yawa a nan ne zambo da habaici suke ɓuya, watau ainihin siyasar fada.

4.0 Hanyar Koyarwa

Na farko, ɗalibi ya nemi izinin mai ba da labari, ya rubuta sunansa da zuriyarsa da wanda ya ji labarin daga gare shi. Na biyu, ya ɗauki murya da hoto tare, har da wurin da ake magana a kansa, kamar kufan Alƙalawa. Na uku, ya rubuta magana yadda aka furta ta. Na huɗu, ya gwada ruwayar Sabon Birni da ta Isa da ta Tsibiri, sannan ya haɗa ɗan gajeren fim ba tare da ya shafe saɓanin da ke tsakaninsu ba.

5.0 Kammalawa

Hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka tsananta a yankin a 2021, sun tarwatsa ƙauyuka da dama tare da dattawansu. Don haka ya wajaba Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta haɗa hannu da cibiyar CELHTO ta Yamai, a taskace abin da aka ɗauka, a kuma mayar wa kowace fada da kwafinta.