Mai Cutar Mantuwa Ba Ya Son a Katse Shi

A shekarar 1953 wani likita a birnin Hartford na Amurka, William Scoville, ya yi wa Henry Molaison, saurayi ɗan shekara 27, tiyata a ƙwaƙwalwa don a rage masa farfaɗiya. Aka cire galibin sashen da ake kira hifokamfas, hagu da dama. Farfaɗiya ta lafa, amma har ya rasu a 2008 sabuwar fuska ko sabon labari ba sa zama a kansa.

Wata rana mai bincike Brenda Milner ta ba shi lamba 584, ta ce ya riƙe. Ya zauna shiru minti 15 yana jujjuya ta a zuci, yana tarawa yana debewa, kuma ya faɗe ta daidai. Da aka janye hankalinsa da wata magana, shi ke nan. Ba lambar kaɗai ta gudu ba, bai ma san an ba shi wata lamba ba.

Mai lafiya in an katse shi, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta fara adana abin da ya ji, sai ya koma ya ɗauko. Mai wannan lalura kuwa kamar wanda ya ɗebo ruwa a tafin hannu ne: muddin bai buɗe ba ruwan na nan, da ka miƙa masa hannu ku gaisa ya zube.

Ko masu lafiyar ma ba su tsira ba. Binciken Fergus Craik da abokan aikinsa a 1996 ya nuna raba hankali ya fi yin ɓarna a lokacin da ake ɗaukar abu fiye da lokacin da ake tuno shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwajin da Nelson Cowan da Sergio Della Sala da abokiyar aikinsu suka wallafa a 2004. An karanta wa masu cutar mantuwa gajeren labari. Wani lokaci a bi su da wasu ayyuka, wani lokaci a bar su su kwanta a ɗaki mai duhu, ba motsi ba magana. Bayan hutun, wasunsu sun tuno abin da ba a zaci za su iya ba. Ba dukansu ba, kuma ba warkewa ba ce, amma gwajin ya nuna abin da ke biyo bayan magana na iya share ta.

A nan ne dubiyarmu take bukatar gyara. Wanda ya bugu a ka a hatsarin babur, ko shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa tunani, sai a cika masa ɗaki: wannan na "sannu, ya jiki?", wancan na "ka gane ni kuwa?", rediyo na yi, waya na ruri. Zumunci ne, babu shakka, amma a cikin wannan hayaniya ake gaya masa lokacin shan magani, anjima a ce ba ya ji.

Don Allah masu jinya, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana, abu ɗaya, a rubuta masa a takarda, sannan a bar shi ya huta kafin mai dubiya na gaba ya shigo.