Idan Addu'a Ba Ta Dawo Da Amsar Da Ake So Ba: Darasi Daga Ikkilisiyar 'Yan'uwa

Masu iya magana kan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka lamarin bangaskiya yake, domin ba a gane ingancinta a ranar da rumbu ya cika, sai a ranar da mutum ya yi shuka, ya yi addu'a, ya jira, sannan abin da ya girba ya zama hawaye. A kan wannan nake son mai karatu ya ba ni aron hankalinsa, mu leƙa tarihin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, domin ƙalilan ne cikin majami'un ƙasar nan suka ɗanɗani irin ɗacin da ta ɗanɗana.

An kafa harsashin wannan coci ne a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yau, inda wasu masu wa'azi biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a watan Maris na 1923. Tun ba a je ko'ina ba jarrabawa ta sauko, domin a 1924 matar Kulp da jaririn da ta haifa suka rasu. Wani zai ɗauki wannan a matsayin alamar Allah bai yarda da tafiyar ba, ya naɗe kayansa. Shi kuwa ya shafe kusan shekara 40 yana aiki a yankin.

Bayan shekara 90 sai jarrabawar ta dawo da girman da ba a taɓa gani ba. A daren 14 ga Afrilu, 2014, 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, kuma galibinsu 'ya'yan wannan coci ne. A watan Oktoba na shekarar, suka mamaye hedikwatar cocin da ke Kwarhi kusa da Mubi, abin da ya tilasta wa shugabanninta yin hijira zuwa Jos. An yi azumi, an yi addu'a dare da rana. An sako 'yan mata 21 a 2016, aka sako 82 a 2017, amma a 2024, lokacin da abin ya cika shekara 10, fiye da 80 ba su koma gida ba, wasu iyayen kuma sun riga mu gidan gaskiya ba tare da sun sake ganin 'ya'yansu ba.

To, a nan ne tambayar take. Uwar da 'yarta ta dawo da uwar da tata ba ta dawo ba, a benci ɗaya suke zama, addu'a ɗaya suka yi. Shin za a ce ta biyun bangaskiyarta ce ta gaza? Abin takaici, akwai wani salon wa'azi da ya yaɗu a biranenmu wanda ƙarshensa ke nan. Ana gaya wa talaka cewa muddin ya ba da baiko mai tsoka, ya yi imani sosai, to aiki da aure da haihuwa da lafiya duk nasa ne. Ranar da alƙawarin bai cika ba, sai a bar shi da nauyi biyu, ga rashi, ga zargin kai. Wannan ciniki ne aka yi wa laƙabi da bangaskiya.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Ayuba, wanda Musulmi ma suka san shi da haƙuri, ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, abokansa suka nace cewa lallai wani zunubi ya aikata, a ƙarshe kuma su Allah Ya tsauta wa. Manzo Bulus ya roƙi a cire masa wata damuwa har sau uku, ba a cire ba. Yesu Almasihu kansa ya roƙi a ɗauke masa wahala a gonar Getsamani, sannan ya miƙa wuya ga nufin Allah, washegari aka gicciye shi. Addinin da alamarsa gicciye ce ba zai yi wa mabiyansa alƙawarin rayuwa marar ƙunci ba.

Idan mai karatu bai manta ba, a farkon Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, fasto a EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya a Michika. A faifan bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya nemi a taimaka a ceto shi, amma ya nuna bai karaya ba, ya bar al'amarinsa a hannun Allah ko ya koma gida ko bai koma ba. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Ya so ya rayu, ya kuma faɗa, amma bai sanya rayuwarsa ta zama sharaɗin amincewarsa da Ubangiji ba.

Sai dai kada a yi mini gurguwar fahimta. Dogaro ga Allah bai hana kuka, bai kuma wanke hukumomin da suka kasa kare rayukan jama'a. Iyayen Chibok sun yi addu'a, sun kuma riƙa ƙwanƙwasa ƙofar gwamnati. Cocin ya koma Kwarhi, ya sake gina majami'un da aka ƙona, ya raba tallafi ga 'yan gudun hijira, har da maƙwabtansa Musulmi, ya kuma riƙe koyarwarsa ta ƙin ramuwar gayya, sannan a 2023 ya yi bikin cika shekara 100.

Don haka ga wanda ya gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, da wadda ta daɗe tana jiran haihuwa, da wanda ya binne majinyacin da ya yi ta yi wa addu'a, shawarata ita ce kada ku karɓi zargin abokan Ayuba. Ku kai kukanku gaban Allah yadda yake, ku ci gaba da neman mafita. Mu kuma maƙwabta mu rage yawan bayani, mu yawaita ziyara da taimako. Allah Ya ba mu juriya, Ya kuma dawo da waɗanda har yanzu ake jira.