Ɗaci Yana Tona Asalin Dangin Wake

Manomin Jabo ya san wake da gyaɗa da gujiya, ya san gawo da ɗorawa da tsamiya. Amma ba kowa ya san duk dangi ɗaya ne ba. Abin da ya haɗa su shi ne, kowannensu cikin kwanso yake ajiye 'ya'yansa. Dangin kuwa babba ne ƙwarai, irinsa ya haura 19,000 a duniya, saboda haka tilas masana su nemi hanyar raba shi gida gida.

Da fari fure da ganye suke dubawa. To, kama da wane ba wane ba ce. Sai suka koma ga wani sinadari mai ɗaci da waɗansu tsirrai ke yi don tsare kansu daga ƙwari da dabbobi. Wani Bajamushe, Meissner, shi ya raɗa masa suna alkaloyid a 1819. Kamar yadda akan gane Bagobiri da tsagar fuskarsa, haka akan gane waɗansu tsirrai da irin ɗacinsu.

Ga misali. Minjirya, mai jan furen nan, ɗacinta yana kashe ƙarfin tsoka, kuma a duk dangin wake ita da 'yan'uwanta kaɗai ke da irinsa. Na samberu zuciya yake kamawa, shi ya sa ganyensa ke halaka dabba. Na biya-rana kuwa hanta yake ci sannu sannu.

Amma tsaga ba ta isa shaidar asali ba. Turmus da ake ci a Masar ɗan'uwan biya-rana ne na kusa, duk da haka ɗacinsu ya bambanta. Wannan ya sa masana suka haɗa da binciken ƙwayoyin gado, har a 2017 suka mai da gidajen dangin shida maimakon uku. Tsamiya ta rabu da samberu ta koma gidan taura da maje, gawo da ɗorawa kuwa suka shiga gidan samberu.

Darasin da ke ciki ga makiyayan Tambuwal da Kebbe a fili yake. Gawo da samberu gidansu ɗaya, amma ɗaya abincin dabba ne da rani, ɗaya ajalinta. Ya kamata malaman makaranta su fita da yara daji su nuna musu bambancin, tun dattawan da suka san itatuwan nan suna raye.