Yaushe Taya Take Tsufa?

Funtuwa gari ne na mahaɗar hanyoyi. Ga hanyar Zariya, ga ta Gusau, ga kuma wadda ta nufi Malumfashi. In kaka ta yi, sai ka ga motoci sun yi lodin masara da auduga har sun rankwafa, kuma duk wannan nauyi taya ce ke ɗauke da shi. Amma direbobinmu da yawa ba abin da suke dubawa a jikinta sai zane. Muddin ba ta suɗe ba, a wurinsu sabuwa ce.

Zane kam abin dubawa ne, gama in zurfinsa ya kasa milimita 1.6 taya ba ta riƙe kwalta lokacin ruwa. Sai dai roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Rana da zafi su busar da ita, ta yi tauri, gefenta ya tsattsage kamar kaushin ƙafa da hunturu. Irin wannan ce ke fashewa da bazara, in kwalta ta ɗau zafi ga mota da kaya tana gudu. Wadda ta kumbura a gefe kuwa, zaren cikinta ne ya tsinke, ba ta da sauran magani wurin mai faci.

To, yaya za a san shekarunta? Tun daga shekarar 2000, masu ƙera taya suna buga lambobi huɗu a gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau in an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin mota da dama sun ce a canja ta in ta shekara 6, masu ƙera ta kuma suka ce kada ta wuce 10 kome kyanta.

Wannan ya fi shafar masu sayen taya ta hannu don araha. Wata ta daɗe a ƙasar waje kafin ta iso mu, an wanke ta, an shafa mata baƙi tana ƙyalli. Fenti ba ya canja lamba.

'Yan'uwa ɗalibai, wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba, tun da iyayenmu da yawa ba su karanta boko ba. Kowa ya durƙusa ya karanta wa Baba lambobin motarsa, har da safaya, don sau da yawa ita ce ta fi duka tsufa.